Keken Jelani a Turken Awaki

"...da gajiya? Ya jiki? Ko da yake ban san wanda zan hwara tambaya ba, jikinka ko na albasata."

"Lahiya lau, Juwaira. Ki dai bari in zauna tukuna."

"Zauna mana. Ga tabarma nan a shimfiɗe, ba ta da gangare. In Allah ya so ba ka hwaɗuwa."

Jelani ya zauna a hankali, ya miƙe ƙafar hagu saboda gwiwar da ke naɗe da bandeji a ƙarƙashin wando. Tun daga ofishinsa na Sama Road yake tsara maganar da zai yi, har ya iso Ƙofar Dundaye ya ajiye mota a bakin lungu, amma gaisuwar matar nan kaɗai ta watsa masa shiri. Juwairiyya taubashiyarsa ce, 'yar kawunsa. Mahaifinta da mahaifiyarsa ciki ɗaya suka fito. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da ɗaya ya yanki ɗaya ba, yanzu ga furfura ta fara yi musu sallama, amma bakin bai mutu ba.

Ita ke riƙe da gonar albasar da ta gada a fadamar Kwalkwalawa. Shi kuwa ma'aikacin gwamnati ne, kuma shugaban wata ƙungiya da suka kafa bara, Ƙungiyar Miƙe Ƙafa. Duk Asabar sukan taka da ƙafa ko su hau kekuna su gangara fadama, in sun kai bakin gulbin Rima su shiga kwale-kwale su yi tuƙi, sannan su dawo. Hanyar da suke bi zuwa ruwa siririya ce, ta tsakiyar gonar Juwairiyya ta ratsa. A nan ne, Asabar da ta wuce, keke ya ƙwace wa shugaba, ya yi huɗa a cikin sabon dashe, ya juye shi cikin magudanar ban-ruwa. Abokai suka kwashi Jelani zuwa asibiti, ma'aikatan gona suka kwashi keken zuwa gidan uwar ɗakinsu. Washegari ta sa aka toshe hanyar da ƙaya.

Yana ɗaga ido sai ya hango shi. Ga keken can jingine da katanga, an zura igiya ta ƙarfen tsakiya, wata jar akuya tana kwance a gindinsa tana tuƙa hankali kwance.

"Juwaira, mi nika gani can?"

"Turke na."

"Kekena na!"

"Da ke nan. Yanzu turke na. Kuma wallahi tun da anka ƙera shi bai taɓa aikin kirki awa wanga ba. Dibi yadda akuyar ta natsu. Ta hi ka iya zama da shi, ita ko sau ɗaya bai kada ta ba."

"Kin ko san irin keken da kinka ɗaure wa dabba? Keken hawan dutse na. Dibi tayar, dibi haƙoranta. Giya gaba, giya baya."

"Hawan dutse." Ta maimaita kalmar kamar ta tauna tsakuwa a tuwo. "Wane dutse? Nan Sakkwato? Nuna mani shi in tahi in kai gaisuwa. Garin da in ka zubda ruwa ƙasa sai shi tsaya yana tunanin inda za shi nuhwa?"

"Gangaren Dundaye fa?"

"Wanga ɗan tudu da akuya mai ciki ka hawa ba ta ko nishi? Shi na dutsen naku? To ai ko shi bai kada ka ba. Ƙasa lumus awa tahin hannu, can ka zaɓa ka yi mana alkahura."

"Birki ya ƙi kamawa."

"Birki bai ƙi ba, tumbi ya rinjaye shi. Wanda ya ƙera birkin mutum ɗaya ya yi wa lissahi, bai san za a aza mashi mutum da rumbu ba."

Jelani ya ja rigarsa ya rufe cikin, ya kuma ji haushin kansa da ya yi hakan, don ta gani.

"To na ji. Ba ni kayana in wuce."

"Kayanka? Kai Jelani, karatu ya ɓata ka. Ka manta ko kai wane na? Ɗan mace kake. Ni ɗiyar namiji. Bawana na kai tun ran da anka yanke maka cibi, kuma dukiyar bawa ta uwar ɗakinai ta. Keke nawa, wanda ya hau shi nawa, albasar da ya take tawa. To wa za ka kai ƙara, kuma wurin wa?"

"Zomo ba bawan giwa ba na, dawa sunka tara."

"Kai na zomon? Da wanga jiki? Ai ko giwar ta gan ka sai ta ratse ta ba ka hanya."

"Ke ko da mi kike taƙama? Albasa? Sana'ar da ba a taɓa ta sai an yi kuka? Tun daga bakin lungu na san kina gida, idona ya kawo ruwa. Masu kabu-kabu ba su tambayar gidanki, hanci suke bi. Na ji an ce liman na unguwar ga ya roƙa ki riƙa sallah gida, wai mata na kuka bayan sahu yana zaton wa'azinai na ya ratsa su."

Ta kusa yin dariya. Ya ga gefen bakinta ya motsa, ya ji wani ɗan daɗi kamar wanda ya ci ƙwallo a gidan abokan gaba. Amma ta haɗiye ta.

"Ka bar albasa, ita ka rufa wa miyar gidanka asiri. Ba don ita ba, da tuni ka yi yaji ka dawo nan kana lasar tukunyata."

Ta miƙe ta nufi bakin rijiya inda ta jiƙa gero a roba. Jelani ya bi ta da kallo. Ta ɗauko wani abu shuɗi mai ramuka, ta riƙe shi ta igiyarsa, ta juye geron a ciki, ruwa ya riƙa tsiyaya ta ƙasa. Sai da ya ƙara duba sannan ya gane hular kwanonsa ce.

"Innalillahi! Juwaira! Hulata!"

"Au, hula ta? Ni na ɗauka rariya ta. Wane mai hankali ka sa hula mai huji ko'ina? Rana ta shiga, ruwa shi shiga, ƙuda shi shiga. Hankali ɗai na ya samu ƙohwar hita."

"Ita ta tsare mani kai ran da na hwaɗi!"

"To ta yi aikin banza, ta tsare ɗakin da ba kowa ciki."

Ta dawo ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugunno, ta aza hular a kan wani kwano tana ɗiga.

"Bari in ba ka labarin abin da idona ya gani, tun da kai kana ƙasa ba ka kalli wasan ba. Ina zaune ƙarƙashin mangwaro ana ban-ruwa, sai ga wasu halittu sun ɓullo daga cikin rake. Kai da kwano, ido da baƙin gilashi, wando ya kama jiki awa an narka su an zuba ciki. Na ce a'uzu billahi, yau aljannun hwadama sun hito da hantsi. Ashe manyan ma'aikata na, har da masu jikoki. Na gaba ya wuce, na biye ya wuce. Can baya sai na ji wani nishi, awa injin ban-ruwa da mai ya ƙare mashi. Na ce wanga nishi na san shi, na gidanmu na."

"Shugaba a baya yake tahiya, don shi tabbatar ba a bar kowa ba."

"Allah sarki. Makiyayi na ashe. To garken ya kai gulbi, makiyayi ya kwana magudana."

"Ke ba ki san daɗin abin ba na. Ki hita da sassahe, iska na bugun ki, tsuntsaye na tashi cikin shinkahwa, ki ga rana ta hito bisa ruwa. Tahiya mabuɗin ilimi."

"To mi ka karanto cikin taɓo? Ba mu mu sha." Ta tafa hannu. "Samun wuri, kuturu da gaɗa cikin rama! Kakanninmu sun tahi Makka da ƙahwa, ba wanda ya tsaya ya ɗauki hoto. Ubana, kawunka, ya taka daga nan har Wurno da kaya bisa kai, ƙahwa ta tsage, yana roƙon Allah shi ba na baya abin hawa. Allah ya amsa, ya ba ka mota mai sanyi. Sai ka aje ta bakin titi ka koma tahiya ƙasa. In wanga ba butulci na ba, mi na? Wata tsohuwa can Kwalkwalawa ta ja ni gehe ta ce, 'Hajiya, waɗanga bayin Allah mi sunka yar suke ta biɗa duk Asabar? A taya su cigiya mana.'"

"Lahiya muke biɗa."

"Ka same ta kuwa. Ga ta nan naɗe da bandeji."

Jelani ya yi dariyar dole. Ya san in ya bar ta ta ci gaba sai ta kai magariba, amma bai ga ƙofar shiga ba, ita kuma ta riga ta hau.

"Na jirgin ya hi ba ni takaici. Ku iske Sarkawa, mutanen da ruwa na gadonsu, ku karɓe masu jirgi da hilahili, ku yi ta dama gulbi awa mai dama kunu. Ku kai tsakiya, ku juyo. Kihi? Babu. Fasinja? Babu. Ko ɗan buhu ba ku ƙetarar wa kowa ba. Masu jirgin na zaune inuwa, kun ba su na goro, kun yi masu aikinsu, suna dariya har suna riƙe ciki. Kuma kowa da wata riga mai ruwan lemo ta kumbura mashi wuya."

"Rigar ba ta bari mutum shi nutse."

"Kai ko ba riga ba ka nutsewa. Wa ya taɓa ganin gora ta nutse?"

"Ke ko in kin shiga jirgi kihin gulbin duk sai su taso sama, warin albasa ya sumar da su. Sarkawa su naɗa ki sarauta, su huta da jehwa taru."

"Ka ga ashe ni shigata na da amfani. Kai taka fa?"

Nan ya ga babu sarki sai Allah. Ya gyara zama, ya sassauta murya, ya cire hularsa ta zanna ya aza a gwiwa.

"Uwar ɗakina."

"A'a! Yau wace rana? Bari in tashi in duba ko rana ta hito daga yamma."

"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba na."

"Wa na wadan?"

"Ni na, ni na! Ki saurare ni don Allah. Asabar mai zuwa muna da baƙi. Mun gayyato 'yan uwanmu masu irin wanga abu daga Birnin Kebbi da Gusau, sun amsa, har masauki mun kama masu. Na zaga hwadamar nan jiya, ta gabas ruwan shinkahwa ya cinye hanya, ta yamma an ja shinge. Ba inda za a bi a kai gulbi sai ta gonarki. In baƙi sunka taho sunka iske ƙaya, na gama kunyata, kuma ƙungiyar ba ta ƙara haɗuwa. Da ma da ƙyar nika riƙe da su."

"To ta watse mana. Matansu su samu masu kai su kasuwa ran Asabar."

"Juwaira."

"Kada ka Juwairace ni." Wannan karon muryarta ta sauya, wasan ya ja baya, ya ji zafin gaske a ƙarƙashinsa. "Irin nan ni na rene shi da hannuna awa jinjiri. Na tsare shi daga rana, na tsare shi daga tsutsa, ranar da munka dasa ko abinci ban ci ba. Kai ka hwaɗa ciki, na ce ƙaddara ta. Amma mutanenka da sunka zo ɗaukar ka, ta cikin dashen sunka ɓarko da takalma awa kofaton shanu, sunka hita ta cikinai. Ba wanda ya juyo ya ce mani sannu. Kai kanka da ka samu sauƙi, ko waya ba ka buga ba. Sai yau da buƙata ta taso ka tuna kana da uwar ɗaki."

Jelani ya sunkuyar da kai. Gaskiya ta faɗa.

"Zan biya ɓannar."

"Bawa shi biya uwar ɗakinai? Da mi? Aljihun da za ka sa hannu ciki ma nawa na. Riƙe abinka. Ƙaya na nan inda take, mai son gulbi shi yi hiffike."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta bar shi da akuya. Ya zauna yana jin ɗigar ruwan gero a kwano, yana tunanin yadda zai buga wa mutanen Gusau waya ya ce su zauna. Can sai ga ta ta fito da ƙwarya da ludayi da gwangwanin sukari, don duk faɗan da za su yi bai taɓa barin gidan nan da yunwa ba. Ta dire a gabansa.

"Sha hura ka tahi. Ga sukarin nan, na san halinka, ka bar mani ko na shayin sahe."

Ƙanshin nono da kayan yaji ya bugi hancinsa, yawunsa ya tsinke. Ya kawar da kai.

"Alhamdu lillahi, na ƙoshi. Ba ni ruwa dai."

"Ka mi?"

"Na ƙoshi."

"Kai? Jelani? Wanda ƙudan zuma ka ruhe amya in sun ji tahiyarka? Wanda ya shanye zuman da anka aje na bikina, aka iske shi kwance bayan rumbu tururuwa na bin bakinai? Hushi kake da ni, ko matarka ta hana ka cin abincin dangi?"

"Ba ko ɗaya."

Ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonsa. Abin da yake gudu ke nan tun da ya shigo. Idon Juwairiyya ba ya wuce abu. Ya ga tana duban wuyan rigarsa da ya yi masa yawa, ta dubi gwangwanin, ta dubi ƙafar da ya miƙe. Ta janye sukarin a hankali ta mayar bayanta.

"Tun yaushe?"

Ya so ya yi wata zolayar ya kauce, sai ya fasa.

"Tun bara."

Babu wanda ya sani sai matarsa. Bai faɗa wa dangi ba don ya san abin da kowa zai tuna. Mahaifiyarsa, Gwaggo Hajara, ciwon sukari ne ya ci ta. Daga ɗan ƙurji a yatsa aka fara, aka ƙare da yanke ƙafa daga gwiwa. Shi ya ɗauko ta daga mota ranar da aka sallamo ta, har yau hannunsa bai manta rashin nauyinta ba. Juwairiyya kuwa ita ta yi jinyarta har ƙarshe, ita ke wanke ciwon, ita ke juya ta.

"Likita ya ce ko in taka ƙahwar ko in rasa ta," ya ce, yana kallon tabarma. "Na gwada ni ɗai, ina zagaya unguwa. Kwana kaɗan na bari. Amma in na san mutane na tsaye bakin ƙohwa suna jirana, kunya ka tashe ni ko ban so. Shi ya sa na tara su. Rabinsu irina na, Juwaira. Wani hawan jini, wani sukari. Wandon da kike wa dariya, kowa da abin da ya ɓoye ciki. Kuma in ba gulbin a ƙarshen hanya, ba mai hitowa. Shi na ladan tahiyar."

Yana rufe baki ya fara da-na-sanin faɗa, don in akwai abin da ba zai iya ɗauka daga matar nan ba, to tausayi ne.

"Kwance in gani."

"Mi?"

"Gwiwar. Kana da wanga ciwo ka ji rauni, ka zauna kana mani surutun tsuntsaye? Kwance!"

Ya naɗe ƙafar wando ya warware bandejin. Ta leƙo daga inda take, ta ƙura ido kamar mai duba albasa a kasuwa. Ciwon ya kame, gefensa ya bushe, babu ruwa. Ya ji ta sauke numfashi. Ta goge ido da bakin mayafi.

"Albasa ta," ta ce, ko da yake babu albasa ko ɗaya a kusa. Sai kuma ta ɗago, muryar ta dawo daidai yadda ya san ta. "Kai amma an yi ɓarawon bawa! Dukiyata ta kamu da ciwo tun bara, ka ɓoye mani? To bari ka ji. Bawana ba shi mutuwa sai da izinina, ni ko ban bada ba. Ƙahwahun ga biyu nawa na, aro na ba ka. In ka bari anka ɗebe ɗaya, har lahira sai na bi ka ka biya ni."

"To ki buɗe mani hanya in tattala maki su."

"Kada ka yi mani wayo, ban gama ba. Gobe a ɗebe ƙaya. Amma da sharaɗi."

"Na yarda."

"Ba ka ji ba ka yarda? Haka kuke sa hannu can ohis, shi ya sa ƙasa ta lalace. Saurara. In kun kawo bakin gonata, kowa shi sauka. Ba turawa ba, ɗauka. Kowa shi aza kekenai bisa kai, ku bi layi ɗaya awa masu kai lehe, har ku hita. Kun hau su ya isa, su ma su hau ku."

"Haba Juwaira! Har da baƙin? Cikinsu akwai babban lauya!"

"Shi za shi hi kyau da kaya. Kuma shugaba ba baya ba, gaba. Ina nan ƙarƙashin mangwaro da kujerata, zan gayyato matan Kwalkwalawa su zo kallo. In kun iso daidai inda ka yi huɗa, ku tsaya ku ce, 'Sannu Hajiya, sannu albasa.' Da ƙarhi, yadda na bayan rake za su ji."

"Wanga ai wulaƙanci na."

"Motsa jiki na. Ba shi kuke biɗa ba? Ga shi kyauta, har da na wuya."

Jelani ya hango kansa da keke a ka, ga lauya a bayansa, ga mata suna guɗa. Dariya ta taso masa daga ciki, ya danne, ta ƙi dannuwa.

"Allah shi isa tsakanina da kawu da ya haihe ki."

"Amin, shi saka mashi da aljanna. Tashi ka kwance turkena, ka ɗaure mani akuya ga icce. Rariyar ko sai gero ya tsane."

Ya tashi yana ɗingishi ya kwance igiyar, ya mayar da akuyar gindin dalbejiya, ya karkaɗe gashin da ya manne a sirdin. Kafin ya juyo ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙunshi a leda, babba, ta miƙa masa.

"Ungo. Ba a zuwa gidan uwar ɗaki a koma hannu sake."

Zuciyarsa ta ce alkaki ne, don ta iya shi, har ya fara tunanin yadda zai kai wa yara ba tare da ya ɗanɗana a hanya ba. Ya buɗe. Ganye ne kore shar, mai ƙananan yatsu.

"Garahuni?"

"Na bakin gonata, da sahen nan anka tsinko. Ka sha maganin likitanka, kada ka hwasa ko rana ɗaya, wanga kuma a sa maka ga kwaɗo. In ya ƙare ka dawo, in ga ƙahwar da idona. Ɗauki ɗaya ka tauna."

"Yanzu?"

"A'a, bari sai baɗi. Tauna!"

Ya tsinki ganye ɗaya ya jefa a baki. Ɗacin ya tashi daga harshe ya bugi ƙeya, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya kamar bakin jaka, ido ya rufe, hawaye ya zubo. Juwairiyya ta fashe da dariyar da take riƙewa tun shigowarsa, ta dafa katanga, har mayafi na zamewa.

"Na sallama!" ya ce da ƙyar, yana tari yana dariya. "Wallahi na sallama, kin ci! Wanga abu ko maƙiyi ba a ba shi!"

"Haɗiye, raggo," ta ce tana share ido. "Haka bakina yake. Shekara nawa kana shan shi, ya taɓa kashe ka?"